Sanya wa Linux rigar Windows: abin da ya kamata a kwaikwaya da abin da ya kamata a bari

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10. Kwamfutoci da yawa da ke aiki lafiya lau ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, domin tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da na'urar sarrafawa ta Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 na AMD da abin da ya biyo bayansa. Mai irin wannan kwamfuta ko dai ya sayi sabuwa, ko ya shiga shirin ƙarin wa'adi wanda Microsoft ya sanar a 2025 cewa ga masu kwamfutar gida iyakarsa 13 ga Oktoba 2026, ko ya sauya babbar manhajar gaba ɗaya, ya koma Linux. Masu zaɓen hanya ta uku kusan duk tambayarsu guda ce: za a iya sa Linux ta yi kama da Windows yadda ba zan ɓata ba?

Za a iya, har ma fiye da yadda ya kamata, kuma a nan matsalar take. Kwaikwayo iri biyu ne, mutane kuma suna haɗa su. Akwai kwaikwayon inda abubuwa suke zaune da abin da maɓallai suke yi, wanda yake sauƙaƙa ƙaura ƙwarai. Akwai kuma kwaikwayon fuska, wato launi da tambari da hoton bango, wanda in aka yi shi sak yakan jawo wahalar da aka so a guje wa.

Dubi ma'aikaciyar ofis da ta shekara ashirin tana aiki da Windows. Idan za ta buɗe manhaja, idonta na kan takardar da ke gabanta, hannunta ne yake jan linzami zuwa kusurwar hagu ta ƙasa ya danna. Bayan kowace sadara yatsunta suna taɓa Ctrl+S ba tare da ta yi niyya ba. In an kira ta, ta danna Win+L don kulle allo, ta tashi. Wannan sani yana cikin hannu ne, kuma shi ne jarin da take tsoron asara. Ba launin shuɗi take kewa ba. Akwai dalilin da ya sa kusurwa take da muhimmanci haka: tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu yake ɗauka ya kai ga abu ya dogara da nisansa da girmansa. Linzami ba ya wuce bakin allo, saboda haka maɓallin da ke manne a kusurwa ba a kuskure shi, ko da an cilla hannu da ƙarfi. Microsoft da kansa ya ɗanɗana kuɗarsa kan wannan. Menu na Start ya zo da Windows 95, aka cire shi a Windows 8 a 2012, mutane suka ruga suna girka Classic Shell da Start8 don su dawo da shi. Windows 8.1 ta maido maɓallin a 2013, Windows 10 ta maido menu ɗin a 2015. Ko a Windows 11 da aka mayar da shi tsakiya, sai da aka bar saitin mayar da shi hagu.

Abin da ya sa aikin yake yiwuwa a Linux shi ne fuskar kwamfuta ba a haɗe take da gindin tsarin ba. Manhaja ce mai zaman kanta, ana cire ta a sa wata. Zaɓen fuskar da za a fara da ita shi ne rabin aikin, kuma a nan mutane da dama suke soma kuskure.

Cinnamon, fuskar da masu Linux Mint, ɗaya daga cikin rabe-raben Linux, suka ƙirƙira a 2011 bayan wata fuska mai suna GNOME ta watsar da tsohon tsari a zubinta na 3, tana zuwa ne da sanda (taskbar) a ƙasa, menu a hagu, agogo a dama, alamomi a kan allo, da maɓallai uku na rage taga, faɗaɗa ta da rufe ta a saman dama. Ba ta bukatar ƙarin komai. Mint tana tashi da RAM mai gigabait 2, amma 4 ake so, da faifai mai gigabait 20, kuma zubi na 22 yana da tallafi har 2029. Ga wanda bai taɓa taɓa Linux ba, wannan ita ce shawarar da ta fi aminci. Sai dai akwai wani tarko da ya kamata a toshe tun ranar farko: a Cinnamon asalin maɓallan kulle allo Ctrl+Alt+L ne, Win+L kuwa wata tagar masu gyaran manhaja yake buɗewa. Ma'aikaciyar nan za ta danna abin da ta saba, ta tashi ta bar kwamfuta a buɗe tana ganin ta kulle. A shiga saitin madannai, a ɗaure Win+L ga kulle allo. A nan kuma a ƙara Ctrl+Shift+Esc ya buɗe gnome-system-monitor, wanda shi ne madadin Task Manager. Win+E tun asali yana buɗe jakar fayiloli.

KDE Plasma ta fi kowace fuska karɓar gyara, kuma duk gyaran yana cikinta, ba daga waje ake ɗauko shi ba. Tun zubi na 6 da ya fito a Fabrairu 2024, danna sau biyu ne yake buɗe fayil kamar a Windows, a da kuwa sau ɗaya ne, wanda ya sha sa sababbin shiga buɗe abin da suka so su zaɓa kawai. Gyare-gyaren da suka dace kaɗan ne. A danna dama a kan sandar ƙasa a shiga saitinta, a kashe shawagin da take yi ta zauna daram a bakin allo, a sa tsayinta fiksel 40 in Windows 10 aka saba, ko 48 in Windows 11 ce. A danna dama a kan alamomin manhajoji a zaɓi Show Alternatives, a ɗauki mai nuna alama tare da suna in mutum ya saba ganin sunan kowace taga. Hakan nan ake sauya menu. Haɗarin Plasma yawan zaɓi ne: mutum na iya jan sandar ya goge ta bisa kuskure, ya rasa yadda zai dawo da ita. Duk wanda yake shirya wa wani kwamfuta ya nuna masa cewa danna dama a kan allo yana kai wa ga ƙara sabuwar sanda.

GNOME, wadda rabe-raben Linux na Ubuntu da Fedora suke zuwa da ita, ita ce ta fi nisa da Windows, kuma da gangan aka gina ta haka. A asalinta babu sandar ƙasa, babu alamomi a kan allo tun zubi na 3.28 a 2018, babu ma maɓallin rage taga. Ana dawo da su da ƙananan manhajojin ɗori: Dash to Panel na kawo sanda, ArcMenu na kawo menu mai fasali daban-daban, Desktop Icons NG na kawo alamomi. Maɓallan taga kuwa umarni ɗaya ne a tagar umarni: gsettings set org.gnome.desktop.wm.preferences button-layout ':minimize,maximize,close'. Sakamakon yana da kyau, amma gini ne a kan yashi. GNOME tana fitar da sabon zubi duk wata shida, a Maris da Satumba, kuma ɗorin nan suna shiga cikin jikin fuskar kai tsaye su sauya ta, ba ta wata ƙofa tabbatacciya ba. Lokacin da zubi na 45 ya fito a Satumba 2023 da sabon tsarin shigar da lambobi, duk wani ɗori sai da aka sake masa gyara kafin ya yi aiki. Wanda ya sabunta kafin a gyara ya wayi gari ba sanda ba menu. Wanda ya nace sai GNOME, ya tsaya a zubi mai dogon tallafi kamar Ubuntu LTS, mai shekara biyar, ko ya ɗauki Zorin OS, wadda 'yan uwa biyu daga Ayilan, Artyom da Kyrill Zorin, suka fara fitarwa a 2009. Zorin GNOME ce a ƙasa, amma masu ita ne suke kula da ɗorin, kuma manhajar Zorin Appearance tana sauya fasalin allo da dannawa ɗaya.

Iyakar nan kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Daga inda aka shiga neman launi da siffa su zama sak, rigar ta fara yagewa, kuma dalilin na fasaha ne. Manhajojin Linux ba da kayan gini ɗaya aka yi su ba. Wasu da GTK, wasu da Qt, kowanne da nasa tsarin ado. Jigo (theme), wato ƙunshin launi da siffa, wanda aka zuba a jakar ~/.themes na GTK ne, manhajar Qt ba ta san da zamansa ba. Tun GNOME 42 a 2022, manhajojin da aka gina da libadwaita, kayan ginin GNOME, ba sa bin jigon da mutum ya zaɓa, nasu suke sawa. Manhajojin da aka girka ta Flatpak, wata hanyar rarraba manhajoji a Linux, su kuma a killace suke, ba sa ganin jakar jigo sai an buɗe musu da flatpak override --user --filesystem=~/.themes:ro, ko an girka jigon a matsayin ƙunshin Flatpak in akwai shi. Firefox, Chrome da manhajojin da aka gina da Electron, wani kayan gini mai tushen Chrome, da yawa su suke zana fuskarsu. Abin da ake samu a ƙarshe allo ne mai taga huɗu, kowace da irin maɓallanta, wani lokaci har da baƙin rubutu a kan baƙin bango saboda jigon ya sauya launi ɗaya ya bar ɗayan. A 2019 wasu masu gina manhajojin GNOME sun fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon a daina liƙa wa manhajojinsu jigo, saboda ƙorafin da ake kawo musu kan ɓarnar da ba su suka yi ba. Ƙorafinsu yana da tushe.

Akwai kuma batun tsaro, wanda ba kasafai ake ambatarsa ba. Jigo ba hoto ba ne kawai. Cikakken jigon Plasma yana iya ɗauke da lambobin da kwamfuta za ta aiwatar, kuma a Maris 2024 wani jigo daga rumbun KDE ya goge wa wani mutum fayilolinsa saboda kuskure a umarnin gogewa da ke cikinsa, har masu KDE suka fito da gargaɗi. Duk rubutun girkawa da aka ce a kwafo daga intanet a gudanar da sudo, umarnin da ke ba da cikakken iko a kan kwamfuta, an ba shi mabuɗin gidan ne gaba ɗaya. Haka nan rabe-raben Linux da suke tallata kansu da cewa ba a bambance su da Windows 11, waɗanda mutum ɗaya ko biyu suke riƙe da su: tambayar da ta dace ita ce wa yake aiko da gyaran tsaro, kuma har yaushe. Mutumin da ya bar Windows 10 don gudun rashin tsaro, in ya faɗa nan ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Kafin a taɓa jigo ko ɗori, a ɗauki hoton tsarin da Timeshift, manhajar da ke maido da tsarin yadda yake in ya lalace, a kuma sani cewa a asalin saitinsa ba ya ajiye fayilolin mutum, waɗannan sai an kwafe su daban.

Ta fuskar doka ma layin a nan yake. Apple ya kai Microsoft ƙara a 1988 kan kamannin Windows da Macintosh, kuma a 1994 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ƙi yarda cewa wani ya mallaki ainihin tunanin taga da alama da menu. Amma suna da tambari da zanen alamomi da haruffa dukiyar mai su ce. Microsoft ya maka Lindows, wani kamfani mai sayar da Linux, a kotu a Disamba 2001 saboda sunan, aka sasanta a 2004, Microsoft ya biya dala miliyan 20, Lindows ya koma Linspire. Sanda a ƙasa da menu a hagu kowa na iya yi. Kwaso alamomin Windows da haruffan Segoe UI a rarraba wa jama'a wani abu ne daban.

Haruffa dai sun cancanci a tsaya a kansu, domin a nan ne kwaikwayo yake da amfani na zahiri, ba don ado ba. Idan aka buɗe takardar Word da aka rubuta da Calibri a kwamfutar da ba ta da shi, LibreOffice, madadin Microsoft Office na kyauta, zai musanya da wani. In faɗin haruffan ya bambanta ko da kaɗan, layuka su motsa, tebur ya tsallaka shafi, takarda mai shafi uku ta koma huɗu, wurin sa hannu ya faɗa shi kaɗai a shafin ƙarshe. Mai takardar zai ce manhajar ce ta lalace, alhali haruffa ne babu. Maganin shi ne haruffan da aka zana da ma'auni ɗaya da na asali: Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, Liberation Sans a madadin Arial, Liberation Serif a madadin Times New Roman, Liberation Mono a madadin Courier New. A Mint da Ubuntu sunayen ƙunshin su ne fonts-crosextra-carlito, fonts-crosextra-caladea da fonts-liberation. Ƙunshin ttf-mscorefonts-installer yana sauko da ainihin Arial da Times New Roman da Verdana bayan an amince da lasisinsu, amma babu Calibri a ciki. Ga fuskar allo, Microsoft da kansa ya saki Selawik kyauta, mai ma'aunin Segoe UI. A cikin LibreOffice kuma, menu na View yana da User Interface inda ake zaɓen Tabbed, wanda ya yi kusa da tsarin Office na zamani, sannan a Options, ƙarƙashin Load/Save, ana iya sa shi ya riƙa ajiya da docx da xlsx. Wannan ba ya sa manyan macro na Excel, wato jerin umarnin da ke yin aiki da kansu, su yi aiki yadda suke yi a gidansu. Duk wanda aikinsa ya rataya a kansu ya gwada fayilolinsa na gaske tukuna.

Yanzu ga babbar illar fuska sak. Fuska alkawari ce. Allon da ya ce wa mutum "ni Windows ce", mutumin zai yi masa abin da ake yi wa Windows, kuma kama da wane ba ta wane. Zai sauko da fayil mai .exe ya danna sau biyu, ba abin da zai faru, ko ya buɗe kamar jakar matsi. Wine, wanda ake ginawa tun 1993, yana tafiyar da manhajojin Windows da dama, Proton na kamfanin Valve kuma ya yi nisa a wasanni tun 2018, amma sababbin Microsoft Office da manhajojin Adobe ba abin dogaro ba ne a kansa, direbobin Windows na firinta da sikana kuwa ba sa aiki sam. Zai nemi C: da D: bai gani ba, domin komai yana ƙarƙashin reshe ɗaya ne, kayansa suna /home, filashi kuma yana bayyana a /media ko /run/media. Zai ga Rahoto.docx da rahoto.docx zaune a jaka ɗaya a matsayin fayil biyu daban. Zai sa alamar tambaya ko ɗigo biyu a sunan fayil, Linux ta karɓa, abokin aikinsa mai Windows ya kasa buɗewa. Zai danna tayar linzami bisa kuskure, rubutun da ya zaɓa ɗazu ya liƙu a tsakiyar wasiƙa. A tagar umarni zai danna Ctrl+C don kwafa, sai ya katse aikin da ke gudana, don a can Ctrl+Shift+C ne kwafa.

Wanda ya fi zafi shi ne filashi. Windows 10 tun zubin 1809 tana rubuta bayanai a kan filashi nan take, shi ya sa mutane suka saba zare shi da zarar layin kwafa ya cika. Linux takan tara bayanan a RAM ta ci gaba da rubutawa a hankali bayan layin ya ɓace, musamman a babban fayil da filashi mai jinkiri. Wanda ya zare a lokacin zai isa inda za shi da fayil rabi. Dole a danna alamar fitarwa a jira saƙon cewa an gama. Babu jigon da yake koyar da wannan, kuma mutumin da allonsa ya ɗan bambanta da abin da ya saba ya fi saurin tunawa cewa yana wani gida ne mai nasa dokoki. Saboda haka shawarar da ta fi ita ce a bar tambarin Mint ko Plasma ko Zorin a kan maɓallin menu, a bar alamomin asali, a bar manhajoji da sunayensu na gaskiya. Canja wa LibreOffice Writer suna zuwa Word yaudara ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi, kuma ranar da mutum zai nemi taimako a intanet zai nema da sunan da ba shi ba.

Manyan hukumomin da suka yi wannan ƙaura sun nuna inda nauyin yake. Rundunar jandarmomin Faransa ba da fuska ta fara ba. Ta sa manhajar ofis ta OpenOffice a 2005, Firefox da Thunderbird a 2006, duk a kan Windows, sai a 2008 ta fara komawa Ubuntu. Lokacin da aka sauya gindin, manhajojin da ma'aikata suke wuni a ciki sun riga sun zama nasu. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawara a 2003, ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 zuwa LiMux, nasa rabon Linux mai fuskar KDE, zuwa ƙarshen 2013, amma a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Siyasa da tsarin gudanarwa sun taka rawa, kuma cikin ƙorafin da aka riƙa ji akwai musayar takardu da masu amfani da Microsoft Office da manhajoji na musamman na ofisoshi. Ba wurin zaman menu ne ya kayar da shirin ba. Jihar Schleswig-Holstein, wadda ta sanar a Afrilu 2024 cewa za ta sauya kwamfutoci kusan 30,000, da LibreOffice ta fara.

Tsarin nan yana aiki ga mutum ɗaya kamar yadda yake yi ga hukuma. A girka LibreOffice ko OnlyOffice, Firefox, Thunderbird da VLC a kan Windows ɗin da ake da ita, a yi aikin gaske da su na wasu makonni. Sai a rubuta Linux a filashi da Rufus ko Ventoy, a tashi kwamfuta daga gare shi ba tare da girkawa ba, a gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, firinta, sikana da allo na biyu. Firintoci na zamani masu IPP Everywhere ko AirPrint galibi suna bayyana da kansu ba tare da direba ba, tsofaffi ne da sikana suke ba da wahala. Katin hoto na Nvidia yana bukatar nasa direban, wanda a Mint ake zaɓa daga Driver Manager.

Wanda zai bar Windows a gefe su zauna tare a faifai ɗaya, abu uku ne suke cizo. Na farko, in BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, na kunne, a rubuta mabuɗin ceto mai lamba 48 a takarda kafin a taɓa komai, domin sauyin tsarin tashi yana iya sa Windows ta nemi shi. Na biyu, Fast Startup: Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya idan aka kashe ta, barci take yi ta bar ɓangarenta na faifai, mai tsarin NTFS, a riƙe, Linux kuma ta buɗe shi don karatu kawai ko ta ƙi buɗewa, don kar ta lalata shi. Umarnin powercfg /h off a tagar umarni ta Windows, da ikon mai gudanarwa, yana kashe shi. Na uku agogo ne. Windows tana ɗaukar agogon cikin na'ura a matsayin lokacin gari, Linux tana ɗaukarsa a matsayin UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, saboda haka duk sanda aka sauya daga ɗaya zuwa ɗaya lokaci ya goce da adadin sa'o'in da ke tsakanin garin da UTC. A Linux, timedatectl set-local-rtc 1 yana daidaita su, ko da yake zai nuna gargaɗi game da ƙasashen da suke matsar da agogo a lokacin bazara. Filashin da zai riƙa yawo tsakanin tsarin biyu a tsara shi da exFAT, wanda dukkansu suke karantawa da rubutawa, ba FAT32 ba, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4.